Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin lafiya na Jihar Kaduna kan cutar mantuwa da tsoron gadonta a gidajen Zariya

Zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna, da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha, da shugabannin sassan lafiya na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon wannan amana, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mazaunin cikin birnin Zariya, kuma ina jinyar mahaifiyata wadda cutar mantuwa ta kama. Na rubuto ne a madadin ire-irena, masu riƙon tsofaffin da hankalinsu ke gushewa a hankali, daga cikin ganuwa har Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da Wusasa. Ba mu da ƙungiya, balle shugaba ko hatimi. A layin karɓar magani da zaman makoki muka san juna, kuma akasarinmu mata ne, 'ya'ya da surukai da jikoki, waɗanda aikin jinyar bai bar musu sararin zama su yi rubutu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Jiharmu ta yi ƙoƙarin kafa cibiyar lafiya a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 255, kuma mun gani a ƙasa, mun gode. Mai ciki tana da ranar awo, jariri yana da ranar rigakafi da katinsa, kowa ya san ranar a unguwa. Tsoho kuwa ba shi da rana. Sai ya faɗi a banɗaki, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko ya fita bai dawo ba an shiga cigiya, sannan ake tunawa da cewa shi ma yana da ƙwaƙwalwar da ke bukatar kulawa.

Kukanmu na farko shi ne ba a gaya mana sunan ciwon. Duk tsohon da ya fara ruɗewa, da mu da ma'aikacin asibiti magana ɗaya muke yi, gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Alhali akwai tazara tsakanin mantuwar da kowane mai shekaru ke yi da wadda ciwo ke kawowa. Dattijo ya manta inda ya ajiye carbinsa, can an jima ya tuna, wannan ba komai. Amma matar da ta shekara hamsin tana girki ta tsaya gaban tukunya ta rasa abin da ake fara sawa, ko mutum ya ɓata tsakanin gidansa da masallacin da yake salla tun yana saurayi, wannan ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da ke ɗauke da shi sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Nau'in da ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, shi ne wanda ake kira Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. Akwai kuma wanda lalacewar jijiyoyin jini ke kawowa, ɗan'uwan shanyewar ɓarin jiki.

Ba sai mun tafi nesa neman hujja ba. A nan Zariya likitoci suka bi unguwanni suka duba tsofaffi 322, suka wallafa sakamakon a 2011, inda suka tarar kusan kashi 3 cikin ɗari suna da cutar, kuma biyu bisa uku na waɗanda aka samu nau'in Alzheimer ne. A garinmu aka yi aikin, iyayenmu aka yi wa tambayoyin, amma ilimin bai sauko zuwa ɗakin da ake duba iyayen namu a unguwa ba.

Lokacin da Inna ta fara maimaita sallar la'asar sau biyu, tana tambayar ko Malam ya dawo daga kasuwa alhali ya daɗe da rasuwa, na kai ta wata cibiya kusa da mu. Ma'aikacin yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ta. Ya saurare ni, ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ai shekaru ne, sai dai a yi ta lallaɓa ta." Ya rubuta mana maganin ƙarin jini da na ciwon jiki. Bai ɗaura mata abin awon jini ba, bai tambaye ta yau wace rana ba, bai tambayi irin magungunan da take sha ba. Ban ga laifinsa ba, abin da ba a koya masa ba ne, ga kuma layin mata masu goyo na jiransa a waje. Sai daga baya wani likita ya gano jininta ya daɗe a sama ba wanda ya sani.

Haɗarin wannan amsa ta "shekaru ne" shi ne ba kowace ruɗewa ce marar magani ba. Ƙarancin bitamin B12 a jiki yana kawo ta, kuma masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin sun fi fuskantar wannan ƙarancin. Raunin aikin ƙullutun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo yana kawo ta. Ciwon damuwa bayan rasuwar miji ko ɗa yana yin kama da ita. Jini na iya taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan tsoho ya faɗi, sai bayan makonni a ga ya canza. Ciwon fitsari ko zazzaɓi na iya birkita tsohuwa cikin kwana ɗaya, a yi magani ta dawo daidai. Duk waɗannan ana iya warkar da su ko a rage su, in an duba. In ba a duba ba, an yanke wa mai ciwon da ke da magani hukuncin zaman ɗaki har mutuwa.

Kuka na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, wato maganar gadon ciwon. Shekaru ashirin ɗin nan an yi aiki mai kyau a kan cutar sikila. Yau ko a ƙauye an san AA da AS da SS, an san a yi gwaji kafin aure, limamai ma suna tambayar takarda. Amma wannan nasarar ta zo da wani abu a bayanta. Mutane sun ɗauka duk ciwon da aka ce yana bin jini haka yake tafiya, ko kana da shi ko ba ka da shi, in kuwa yana gidanku to a guje ku. Da aka fara jin likitoci a rediyo da samari a Facebook suna cewa cutar mantuwa tana da alaƙa da gado, sai aka ɗora ta a kan wannan ma'auni, aka kuma haɗa ta da tsohon tsoron nan na gidan da ake cewa akwai taɓin hankali.

A gidanmu abin ya faru. An kawo kuɗin gaisuwar 'yar ƙanena, an sa rana. Wata gwaggon yaron ta zo ganin gida, ta shiga gaida Inna, Inna ta riƙe hannunta tana kiranta da sunan wata ƙawarta da ta rasu tuntuni, tana ce mata su tashi su tafi ɗaukar amarya. Ba a yi mako biyu ba aka aiko cewa a dakata. Abin da ya dawo kunnenmu daga baya shi ne wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar ta yi kuka ta share hawayenta, amma tun daga ranar in baƙi za su zo sai a ja wa Inna ƙofa. Na san gidaje da dama da ke yin haka, kuma tsohon da ake ɓoyewa ba a kai shi asibiti, don kai shi asibiti tallata shi ne. Ni kaina, in na shiga ɗaki na manta abin da ya kawo ni, ina lura da yadda 'ya'yana ke satar kallon juna.

Ranku ya daɗe, ku kun san gaskiyar lamarin, mu ne ba a gaya wa ba. Akwai nau'in da ake gada kai tsaye, wanda canji a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado uku ke jawowa, APP da PSEN1 da PSEN2. In uba ko uwa na da shi, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka, kuma yakan bayyana da wuri, mutum yana shekara arba'in ko hamsin, wani lokaci ma ƙasa da haka. Amma wannan nau'in bai kai kashi 1 cikin ɗari na masu cutar Alzheimer ba. Gidan da ke da shi yakan san kansa, domin za a ga kaka da ɗa da jika duk sun kamu tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Tsohuwar da ta fara ruɗewa bayan ta haura saba'in ko tamanin ba ta cikin wannan lissafi.

Ga sauran jama'a, ƙwayar gadon da aka fi sani ita ce APOE, mai aikin jigilar kitse a jiki da ƙwaƙwalwa. Tana zuwa iri uku, e2 da e3 da e4, kowa yana karɓar ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa e4 tana ƙara haɗarin kamuwa. A tsakanin Turawa, mai guda ɗaya haɗarinsa ya ninka kamar sau uku, mai guda biyu kuwa ya kai sau goma ko kewayen haka. Duk da haka mutane da yawa suna ɗauke da e4 har su tsufa su rasu da hankalinsu garau, wasu kuma ba su da ita sam amma su kamu. Sikila in ka gaji S biyu magana ta ƙare. Wannan kuwa ƙarin haɗari ce kawai, kuma shekaru sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi dacewa a yi ta faɗa wa mutanenmu shi ne binciken da aka yi a ƙasar nan. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa hannu da takwarorinsu na Indiyanafolis a Amurka ƙarƙashin Hugh Hendrie. Suka bi tsofaffin Yarbawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fatar Amurka shekara da shekaru, da ma'auni iri ɗaya. A sakamakon da suka fitar a 2001, sababbin masu kamuwa a kowace shekara a Ibadan kashi 1.35 ne cikin ɗari, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24, wato na Ibadan bai kai rabi ba. Ita e4 ɗin ba ta yi ƙaranci a jinin mutanen Afirka ba, ta ma fi yawa a cikinmu fiye da Turawa, amma tasirinta a tsofaffin Ibadan ya fito da rauni ƙwarai in an gwada da na Amurka. Masu binciken sun lura cewa tsofaffin Ibadan na wancan lokaci ba su kai na Amurka hawan jini da ciwon suga da kitse a jini ba. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wani tubalin ya fi wani ƙwari tun daga kududdufin da aka haƙo shi, amma abin da ke kayar da katanga shi ne a bar ta damina bayan damina ba yaɓe, indararo na zuba a gindinta.

Wannan labari mai kwantar da hankali ne, amma yana da gargaɗi a ciki. Abincinmu da zamanmu sun canza. Lemon kwalba ya shiga kowane biki, dunƙulen ɗanɗano da gishiri sun yi yawa a miya, tafiyar ƙasa daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada da iyayenmu ke yi ba tare da sun ɗauke ta komai ba yanzu sai a kan babur. Kariyar da tsofaffin wancan lokaci suke da ita ba lalle mu same ta ba.

Sai kuma ga wata sabuwar kasuwa ta buɗe. Ana tallar gwajin ƙwayoyin gado a intanet, ka tofa yawu a kwalba a aika waje, a turo maka sakamako a waya. Masana ƙwayoyin gado ba sa ba wa mai lafiya shawarar yin gwajin APOE don duba makomarsa, saboda sakamakon ba ya cewa za ka kamu ko ba za ka kamu ba, kuma alƙaluman da ake fassara shi da su akasari daga Turawa aka samo su. Ku duba abin da takarda irin wannan za ta yi in ta faɗa hannun dangin miji, ko hannun kishiya, a garin da ake fasa aure saboda kaka ta kira baƙuwa da sunan wata.

Kuka na uku shi ne an bar ɓangaren da ake iya gyarawa. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar a duniya. Wannan lissafin al'umma ne, ba alkawari ba ne ga mutum ɗaya, amma ku dubi jerin ku ga yadda ya yi kama da unguwanninmu. Akwai hawan jini da ciwon suga da kitse a jini da ƙiba. Akwai raunin ji da raunin gani da ba a yi wa magani ba. Akwai taba da giya, da rashin motsa jiki, da ciwon damuwa, da kaɗaici, da bugun kai, da gurɓatacciyar iska, da ƙarancin karatu tun ƙuruciya.

A cikinsu hawan jini ne babban ɓarawonmu, domin ba ya ciwo. Mutum yana shekara arba'in da biyar, yana kasuwarsa a Sabon Gari, jininsa na sama yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa a ɓoye, sai bayan shekara ashirin a ga sakamako. Wanda aka gano ma yakan sha magani wata ɗaya, ya ji sauƙin ciwon kai ya ajiye, ko kuɗin ya gagara. Wani babban gwaji a Amurka da aka bayyana a 2019 ya nuna cewa sauko da jini sosai ya rage farkon raunin tunani da kusan kashi 19 cikin ɗari. A Finlan kuma an ɗauki tsofaffi 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, aka kasa su biyu, aka sa kashi ɗaya a tsarin gyaran abinci da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa da lura da jini har shekara biyu, sai tunaninsu ya fi na ɗaya kashin. Da aka koma aka duba masu ɗauke da e4 a cikinsu, su ma sun amfana. Ashe wanda yake tsoron gado shi ya fi kowa bukatar a auna masa jini.

Maganar kunne da ido tana ba ni takaici na musamman. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana Kaduna, Cibiyar Ido ta Ƙasa ma tana Kaduna, duk a jiharmu, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga nan. Amma tsohon da kunnensa ya yi nauyi a Zariya sai dai a riƙa ɗaga masa murya, in an gaji a daina sa shi a hira. Ya daina zuwa majalisa don ba ya jin abin da ake faɗa, ya daina zuwa karatun bayan magariba, ya koma zaure shi kaɗai. Tsohuwar da yanar ido ta rufe wa gani ta daina zuwa suna da biki, alhali aikin cire yanar ido ba ya ɗaukar awa guda. Da haka raunin ji ko na gani ke jawo kaɗaici, kaɗaici ya jawo damuwa, abu uku daga cikin goma sha huɗun nan sun haɗu a kan mutum ɗaya. Na bar maganar 'yan acaba da ke yawo ba hular kwano, da iyayenmu mata da suka ƙare rayuwarsu a hayaƙin itace cikin madafar da ba taga. A matsayina na tsohon malami kuma ba zan wuce ba tare da na ce yarinyar da aka cire daga aji yau an rage mata guzurin ƙwaƙwalwar da za ta tsufa da shi ba.

Kuka na huɗu, inda asibiti ya yi shiru wasu sun cike gurbin. Mai mota da lasifika yana tallar maganin mantuwa da buɗe ƙwaƙwalwa a bakin kasuwa. Wani ya ce sammu ne, a nemi wanda ya yi, sai zargi ya faɗa kan suruka ko kishiya, zumunci ya lalace. Mai kemis kuma in an je masa da kukan tsohuwa ba ta barci tana yawo da dare, sai ya ba da ƙwayar sa barci, wadda ke ƙara ruɗa ta, ta tashi cikin magagi ta faɗi ta karya ƙugu. Mafi muni shi ne tsohuwar da ta fita ta ɓata, aka same ta da asuba a wata unguwa ba ɗankwali tana sambatu, yara suka taru ana ce mata mayya. Addu'a da ruƙiyya ba mu raina su ba, muna yi kullum. Ai Alƙur'ani da kansa, a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga wannan hali. Malamanmu sun san haka. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da likitoci su faɗa da baki ɗaya cewa jarrabawa ce ta ciwo, ba maita ba ce kuma ba abin kunyar dangi ba ce.

Nauyin kuwa a kan mata yake sauka. Akwai wadda ta bar sana'arta, akwai yarinyar da ta daina zuwa makaranta don ta zauna da kaka, akwai surukar da ke wanke uwar miji safe da yamma sannan uwar mijin ta ce ta sace mata zobe. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce wannan zargin daga ciwon yake, kada ki yi gardama da ita, ki bi ta da lallashi ki juya maganar. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suna asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin garin Kaduna, amma ɗaukar tsohuwar da ba ta san inda take ba a mota zuwa can, da kuɗin gwaji da na hoto, ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Magungunan da ake bayarwa irin su donepezil da memantine ba sa warkarwa, suna dai ɗan rage alamu na wani lokaci, kuma ya kamata a faɗa wa iyali haka tun farko kafin su sayar da gona.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A ware wa masu shekara sittin zuwa sama rana ɗaya a wata a kowace cibiyar mazaɓa, a sanar da ita a masallatai da coci-coci da gidajen masu unguwa kamar yadda ake sanar da rigakafi. A ranar a auna jini da suga, a duba ji da gani, a yi 'yan tambayoyin gwajin tunani da Hausa, a kuma ba tsoho kati nasa. A ce wa iyali su zo da duk magungunan da yake sha a leda, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a duba su ɗaya bayan ɗaya. Awon jini kuwa kada a jira sittin, duk wanda ya haura arba'in ya shigo cibiya ko rakiya ya yi a ɗaura masa.

A horar da ma'aikatan cibiyoyin. Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP tun 2008, wanda aka yi domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, kuma akwai babin cutar mantuwa a cikinsa. Malaman da za su koyar suna nan Shika da Samaru. A kuma shirya da su wani likita ya riƙa saukowa babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a ranaku sanannu, domin mutanen cikin birni su sami inda za a tura su kusa.

A fito da bayani da Hausa, a rediyo da takarda, kan maganar gado, a faɗe ta dalla-dalla: cewa ba kamar sikila take ba, cewa ruɗewar kaka ba dalilin fasa auren jika ba ce, cewa gidan da aka ga mutane da dama sun kamu kafin shekara sittin su ne ke bukatar ganin ƙwararre. A nemi hannun Majalisar Masarautar Zazzau da limamai da fastoci, domin su ake tambaya lokacin binciken aure. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar cutar Alzheimer ta duniya, ana iya farawa daga nan. A kuma sa ido kan ɗakunan gwaji, kada a bar kowa ya sayar da gwajin ƙwayar gado na mantuwa ba tare da likitan da zai zauna da mutum kafin gwajin da bayansa ba, kuma kada ya zama cikin takardun da ake nema kafin aure.

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa nauyi, jiharmu kuma tana da hukumarta ta KADCHMA. Muna roƙon a bi gida gida a yi wa tsofaffi rajista, domin wanda ya manta sunan 'ya'yansa ba zai je ofis ya cike fom ba, a kuma tabbatar maganin hawan jini da na suga ba sa yankewa a cibiyoyi. A nemi cibiyoyin kunne da ido na Kaduna su riƙa kawo ziyarar aiki Zariya a kai a kai.

Daga ƙarshe, a tuna da masu jinya. Zama na awa ɗaya a cibiya, ma'aikaciya ta koya musu yadda ake ciyar da wanda ya manta haɗiya, yadda ake juya wanda ya kwanta don kada bayansa ya yi gyambo, da dabarar ɗinka 'yar takarda mai sunan unguwa da lambar waya a cikin rigar tsohon da ke fita. A kuma sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri da masu unguwa cewa in an tsinci tsoho yana yawo ba ya iya faɗin gidansu, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ko gidan mai unguwa a yi cigiya, kada a bar shi a hannun taron yara.

In ma'aikatarku za ta turo wakili, a shirye muke mu taru mu karɓe shi a duk cibiyar da kuka zaɓa a Zariya, mu zo da katunan asibitin iyayenmu da ledojin magungunansu ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta, a madadin masu jinyar tsofaffi a Zariya da kewaye.